Sabon Boxer ɗina, tun daga ranar da aka fasa kwali

Asabar, 9 Nuwamba 2024. Mita: kilomita 7

Toh Alhamdulillahi, yau dai Allah ya nufa. Wata goma sha ɗaya ina zubin adashi, na haɗa da kuɗin waken suyan da na sayar da ɗan abin da aka bani na gawar tsohon roba-robana, na shiga Sabon Garin Zariya na fito da mashin Boxer sabo dal, ƙaramin nan mai giya huɗu, ba 150 ba. Kuɗin kam a bar shi kawai, ya haura miliyan, abin da shekara biyar baya zai saya maka irinsa uku har da canji.

A gabana aka fasa kwali. Yara biyu suka haɗa shi, suna ɗaure noti suna musun ƙwallo, ni kuma ina tsaye a kansu kamar wanda matarsa ke naƙuda, duk notin da suka ɗaura sai na bi shi da ido. Aka zuba mai lita biyu, kiki biyu ya tashi. Daga nan har gida Tudun Wada ban wuce 30 ba, 'yan acaba sai hon suke danna min a PZ, wani har da cewa Malam in tsoro kake ji ka sauka ka tura. Ko a jikina. Na fara biyawa wajen Inna ta dafa tankin ta ce Allah ya sa rai aka yi wa, Allah ya tsare gabanka da bayanka, sannan na wuce gida yara suka yi ta zagaye shi.

Dalilin wannan rubutun shi ne tsohon mashin ɗina ni na kashe shi da hannuna, ba wani ba. Sai in yi wata huɗu ban yi juyen baƙin mai ba, in bakanike ya tambaye ni yaushe rabonka da juye in ce ai kwanan nan ne, kuma wallahi ba ƙarya nake ba, a raina kwanan nan ɗin ne. Har ranar da ya buga min a saman gadar Kwangila da tsakar rana, da aka kwance notin ƙasa abin da ya fito bai cika gwangwanin madara ba, baƙi ƙirin kamar kwalta. Wannan karon ba zan yarda da kaina ba. Duk abin da na yi masa zan rubuta rana da lambar mita.

Lahadi, 10 Nuwamba. Mita: 21

Da safe na kai shi wajen Oga, bakaniken unguwarmu, nace ya bi min notinan gaba ɗaya. Gara da na kai. Notin salansa ɗaya da yatsa ya juya shi, na kariyar ɗora kaya biyu sako-sako, madubin hagu kuma dama tun jiya yake kallon sama. Musun ƙwallon nan ne. Ya bi sifok ɗin ƙafafun da sufana yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya ce wanda ya yi ƙara ƙasa-ƙasa shi ne bai ɗauru ba, ya samu uku a baya.

Iskar taya kuma an buga ta ta wuce 40 gaba da baya, shi ya sa jiya nake jin kowane tsakuwa a ƙashin bayana. Na sayi ɗan ƙaramin geji na aljihu, na sa aka mayar da gaba 25 baya 28, in da goyo a ƙara wa bayan zuwa 32. Baba mai faci ya kalli gejin ya kalle ni ya ce shi shekara talatin da babban yatsa yake aunawa. Nace Baba ayi haƙuri dai.

Da yamma a majalisa kowa ya zama injiniya. Ɗaya ya ce in tayar da shi in bar shi a silo, wato inji na aiki ba a ba shi wuta ba, awa uku a tsaye, wai haka ake gasa sabon inji. Wani ya ce ƙarya ne, ka buɗe masa wuta tun yau in ba haka ba rago zai tashi, ba zai taɓa gudu ba. Na uku ya ce man da ya zo da shi ruwa ne in zubar yau ɗin nan. Na dawo gida na ɗauko ɗan littafin da ke cikin kwali, wanda kowa ke jefarwa tare da kwalin, na zauna na karanta. Sabis na farko tsakanin kilomita 500 da 750. Ni kuma na sa wa kaina doka: kafin 1,000 ba zan wuce 50 ba, ba goyon babban mutum, ba buhu.

Alhamis, 14 Nuwamba. Mita: 152

Sati na farko na zuwa makarantar da nake koyarwa ya ƙare, mu nan jihar Kaduna a 2024 ɗin nan kwana huɗu ake aiki a sati. Makarantar tana can hanyar Basawa in ka nufi Hunƙuyi, zuwa da dawowa kilomita 32 a mita, ƙarshenta kuma akwai ɗan burji kamar kilomita biyu.

Abin da na fahimta daga bakin Oga da ɗan karatun da na yi, maganar lallaɓa sabon inji ba wai tafiyar hawainiya ba ce kawai. Cikin bulok akwai ƙananan zane-zane da aka bari da gangan, ringin fistin ne zai yi ta gogar su har su zauna daram da juna, in suka zauna da kyau inji ba zai sha mai ba kuma ba zai yi hayaƙi ba. Toh wannan zaman yana son a riƙa canza masa, ka ɗan ja ka ɗan saki, ka sauka giya uku ka koma huɗu, ba ka kama 40 ka ƙame a kai tun daga Kwangila har Basawa ba. Abu biyu ne ba ya so: ka murɗe totur har ƙarshe yana kuka, ko kuma ka bar shi a giya huɗu yana rarrafe ka murɗa masa yana kaf-kaf-kaf. Na biyun nan shi ne halina na da, ƙyashin canza giya, kuma ashe ya fi cutar da inji fiye da yadda nake zato.

Maganar gasa shi a silo kuwa shirme ce. Wannan injin ba ruwa ke sanyaya shi ba, iskar da ke bugun haƙarƙarin bulok in kana tafiya ita ce. Ka kafe shi awa uku yana aiki babu iska, ai gasawar ce ta gaske.

Yana ɗan warin ƙonewar fenti in na tsaya, Oga ya ce na salansa ne zai daina. Giya ta ɗaya zuwa ta biyu da ɗan tauri, nitira ma sai na lalubo ta.

Asabar, 23 Nuwamba. Mita: 388

Warin ya daina. Ƙanina ya zo da sassafe wai Yaya ara min in je Samaru in dawo yanzun nan. Nace a'a. Ya ce Yaya minti talatin fa. Nace ko minti uku ne, sai ya cika dubu biyu. Ya fita yana ƙunƙuni ya kai ƙarata wajen Inna, ita kuma ta aiko wai abin duniya ne zai raba ni da ɗan'uwana. Na je na zauna na yi mata bayanin ringi da fistin, ta saurare ni tsaf har na gama sannan ta ce ita dai ba ta ga abin da Samaru za ta rage shi da shi ba. Na ba shi kuɗin keke napep, magana ta mutu. Na san hannunsa, shi totur biyu ya sani, a kashe ko a ƙure.

Cen ya fara ƙara a cikin murfi in na hau rami, ƙwal-ƙwal. Na cire 'yar robar da ke jikin murfin na sa yatsa, ya saki sosai. Sabon cen dama haka yake yi da farko. Oga ya ja shi, ya bar masa wasa kamar faɗin yatsa biyu.

Asabar, 30 Nuwamba. Mita: 561. Juyen farko

Yau na ba shi yinin gaba ɗaya. Da kaina na je na sayo man, ban aiki yaro ba, saboda maganar man jabu ba wasa ba ce, a tara tsofaffin jarkoki a ɗura musu abin da Allah kaɗai ya sani a liƙe. Na awo da ake tsiyayowa daga duro a kwalba kuma dama ban sa shi a lissafi ba. Na sayi 20W50 na mashin mai lita ɗaya, na juya bayan jarkar sai da na ga an rubuta JASO MA, na duba hatimin murfi ba a taɓa ba. Wannan rubutun yana da dalili: kulocin mashin a cikin baƙin man yake wanka tare da giya, ba kamar na mota da ke bushe ba, toh wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙarin santsi, in ka zuba su kuloci sai ya fara zamewa, ka ba da wuta inji na kuka mashin ba ya gaba. Da can ni duk baƙin mai baƙin mai ne.

Na ɗan zaga har Ƙofar Doka na dawo don man ya yi ɗumi ya tsinke, muka kafe shi a tsaye kan ƙafa biyu, nace Oga kar a zubar a ƙasa, a tara min a roba mai tsabta ina so in gani. Ya yi dariya ya ce Malam yau jarrabawa za ka yi mana kenan. Da ya gama tsiyaya na ɗauki robar na fita rana na karkata ta. Man bai yi baƙi can ba, ruwan ƙasa-ƙasa ne, amma a cikinsa wani abu na ta ƙyalli, ƙanana ƙanana kamar hodar kwalliyar amare, kuma da na murza tsakanin yatsu ban ji tsini ba sai dai yatsan ya yi toka-toka. Garin ƙarfe ne, na ringi da giya da suke goge juna. Oga ya ce wannan lafiya ne, wanda ake tsoro shi ne ka ga ɓarɓashi mai girman da farce zai ɗauka. Ya ciro 'yar ragar tace mai, akwai ɗan datti kamar zare-zare, ya wanke ya mayar. Na tsaya ina tunanin da ni ne na da, wannan garin ƙarfen zai yi wata huɗu yana yawo cikin inji.

Sai maganar tafet, wato ɗan gibin da ake bari a saman bawul ɗin inji. Shi juye da ɗumi ake yi, tafet kuma sai inji ya huce sarai, don haka muka bar shi na je na yi Azahar na ci shinkafa da wake na dawo. Yaron Oga ya so ya saita da kunne, nace a'a a ɗauko gejin auna tafet. Sai da aka nemo shi a ƙasan akwati duk ya yi tsatsa. Na bawul ɗin shigar mai ya ɗan buɗe, aka mayar. Aka duba fulogi, kansa ruwan ƙasa mai haske kamar biskit, haka ake so. Aka wanke soson iya kilina, mai tace iskar da ke shiga inji, duk da bai yi wani datti ba, aka ɗiga wa wayar kuloci da ta birki mai, aka sake bin notina.

Jarkar da ta ƙare na sa wuƙa na farke ta kafin in yar, kar gobe in sake sayen ta da wani abu a ciki. Tsohon man kuma maƙwabcina ya karɓe zai shafa wa katakon rumfa saboda gara.

Da na hau zan koma gida giya ta yi laushi, nitira tana shiga ba gardama. Ko man ne ko zuciyata ce oho.

Litinin, 9 Disamba. Mita: 775

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Ƙarfe bakwai na safe sai da cok yake tashi. Ina ja masa cok, kiki ɗaya ko biyu, in bar shi kamar minti ɗaya in mayar da cok ɗin, in tafi a hankali har Kwangila kafin in fara ja. Ranar Alhamis na manta cok a jaye har Basawa, ina ta mamakin me ya sa yake nauyi yana shan mai. Safar hannu dole, yatsuna har ba sa jin birki.

Lahadi, 15 Disamba. Mita: 942

Lamba ta fito, na ɗaura, takardu na yi hoton su na sa a leda ƙarƙashin kujera na bar na ainihi a gida. Yanzu in na hango 'yan KASTLEA, masu kula da dokar hanya a jihar Kaduna, gabana ba ya faɗuwa. Hular kwano ma na saya, ta hana ni sanyi da ƙura in ban da komai.

Na auna shan mai yadda ya kamata: na cika tanki har wuya na rubuta mita, na yi tafiyata ta sati, na koma famfo ɗaya a gidan mai ɗaya na sake cikawa. Kilomita 167, lita 3.2, wato kamar 52 a lita. Tunda aka cire tallafin mai a 2023, a ƙarshen 2024 ɗin nan lita ta haura naira dubu, wannan lissafin ba na wasa ba ne, shi ne zai nuna ko albashi zai ga ƙarshen wata. Tsohon nawa a ƙarshen rayuwarsa ko 35 ba ya kaiwa.

Asabar, 28 Disamba. Mita: 1,204

Ya haye dubu tun satin da ya wuce, na ɗaga dokar zuwa 60, wani lokaci in ɗan taɓa 65 in saki. Yau aka yi tafiyar farko mai ɗan nisa, ɗaurin auren abokin aikinmu a Maƙarfi, kuma goyon farko, wani malaminmu na lissafi wanda Allah ya yi wa jiki. Tun jiya na duba mai da iska da cen, ba a fafe gora ranar tafiya, na ƙara wa tayar baya zuwa 32.

Titin Kano ya yi kyau, shi ne ma matsalar, hannu sai ƙaiƙayi yake. Mutumina a baya yana ta Malam ka ba shi wuta mana za a shafa fatiha ba mu, ni kuma ina ta hawa da sauka tsakanin 45 da 60, tirela in ta wuce mu sai ta kusa hure mu. A Tashar Yari na tsaya minti goma wai inji ya sha iska, muka sha rake. Mun isa ana cikin shafa fatiha, ya ce ai ga irinta nan, nace amma dai mun samu goro. Zuwa da dawowa kusan 80. Da goyo birkin gaba shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da na ƙafa, kuma na ji na ƙafar ya ɗan yi nisa, na ƙara masa zagaye biyu a notin baya da na dawo.

Laraba, 8 Janairu 2025. Mita: 1,395

Yau na ji kunya.

Jiya da za a tashi daga makaranta ya shiga rizab, na yi ganganci ban sha mai da safe ba, kuma babu gidan mai kusa. Na tsaya wajen 'yan bumburutu na bakin hanya na sa kwalba ɗaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin Kwangila ya fara shaƙewa, in na ba shi wuta ya yi kamar zai mutu sannan ya fizga, da safen nan kuma kiki ya kai goma sha biyar. Da ƙyar na je na dawo, na zarce wajen Oga gabana na faɗuwa, a raina har na fara lissafin kuɗin ringi.

Ya yanke gorar ruwa ya tara a ƙasan kafireta ya sassauta ɗan sukurun da ke gindinta. Man ya zubo, muka ɗaga a rana, ga ruwa nan ya kwanta a ƙasa ƙwaya-ƙwaya kamar idon kifi, da ɗan yashi ja. Ya tsiyaye tankin, ya wanke kafireta, ya sa min ƙaramar matatar mai a jikin tiyo. Wannan duk mai sauƙi ne.

Sai ya ce bari mu leƙa iya kilina tunda an zo. Ya kwance murfin ya zaro soson, wallahi ban gane shi ba. Soson da aka wanke ranar 30 ga Nuwamba ya zama kamar an tsoma shi a kunun kanwa an shanya, ƙura ta yi masa ɓawo, ya buga shi a benci wani jan gari ya tashi har yaronsa ya yi atishawa. Ya sa yatsa ta cikin bututun da ke shiga kafireta ya shafo, ya nuna min, akwai ɗan ja-ja a yatsan, kaɗan ne amma akwai. Ya ce, Malam, kana ta lallaɓa shi kar ya wuce 50, ga mai cin ringin nan yana shiga ta hanci. Ƙura in ta haɗu da mai a cikin bulok ta zama sanfefa.

Ban ce komai ba don gaskiya ya faɗa. Wata biyu ina faɗa da ƙanina da 'yan majalisa a kan gudu, ina rubuta lambar mita kamar mai lissafin gado, amma ko sau ɗaya ban kawo soson nan a raina ba, alhali kullum sai na bi burjin nan sau biyu a bayan motocin rake, cikin hazon da ko fitilar mota ba ka gani sosai. Ni ina jiran sabis na gaba. Ƙurar hunturun Zariya ba ta san wani sabis na gaba ba.

Ya koya min wankin da kaina: a kananzir, ba fetur ba, a matse a tafin hannu kar a murɗe shi kamar wanki don yana yagewa, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai sabo kaɗan a mutsuttsuka ya game ko'ina a matse rarar. Man ne ke kama ƙurar, busasshen soso rabin aiki yake. Kuma a tabbata bakinsa ya zauna ruf a gurbinsa kafin a rufe. Daga yau duk Juma'a biyu zan buɗe shi har ruwa ya sauka.

Asabar, 18 Janairu. Mita: 1,668

Facin farko, ƙusa a tayar baya, daidai Tudun Jukun. Na tsaya a kan mai facin don kar ya mayar da ƙafar a karkace, akwai zane-zane a gefe biyu na wajen jan cen, dole su zo ɗaya. Ya ja cen ɗin ya yi tauri kamar tsirkiya wai haka ya fi, nace sassauta, cen mai tauri shi ke cinye sufuroket da boris. Na juya ƙafar a hankali na nemo inda ya fi tauri, a nan aka auna. A gida na ɗiga masa man giya mai lamba 90. Wasu na cewa in cire murfin cen ɗin kamar yadda 'yan acaba ke yi wai ya fi kyan gani, bayan abin da na gani a soso ko da kuɗi ba zan cire ba.

Jiya na buɗe soson, kwana tara kacal, har ya fara ja.

Asabar, 1 Fabrairu. Mita: 2,041. Juye na biyu

Mai iri ɗaya da na farko. Na sake tarawa a roba na fita rana, wannan karon ya fi baƙi amma ƙyallin nan ya kusa ɓacewa, sai ka ƙura ido. Tsakanin juye biyun kilomita 1,480, kuma da na duba kafin a kwance man bai ragu ba, salansa in ka sa yatsa a bakinta busasshen baƙi ne ba mai maiƙo ba. Oga ya ce ringi ya zauna. Na san akwai masu kaiwa fiye da haka kafin su juye, amma da wannan ƙurar ni a 1,500 zan tsaya, kuɗin lita ɗaya bai kai kuɗin buɗe inji ba.

Na cire ledar da ya zo da ita ma yau. Uwargida ce ta dame ni, wai Malam wata uku mashin na sanye da leda kamar kujerar amarya, duk ta yage tana kaɗawa. Da na ɓare ta tanki sai na ga ƙura ta shiga ƙarƙashi, gwiwata tana gogawa, ta yi wa fentin ƙananan zane a gefe biyu. Wato ledar da na bari don kar ya ƙarce ita ta ƙarce shi. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Na gwada shi a hanyar Ɗan Magaji, ya taɓa 80 ba tare da ya yi kuka ba, na saki. Ya isa haka.

Juma'a, 21 Fabrairu. Mita: 2,596

Alkawari kaya ne, ya cika dubu biyu, don haka ranar Lahadi na ba ƙanina makulli. Samaru ya ce. Mita ta ce kilomita 61. Ya dawo da shi a rizab, madubai biyun an lanƙwasa su ciki irin na 'yan gayu, birkin ƙafa sai ka taka har ƙasa. Nace ina ka je, ya ce Yaya wallahi nan da nan ne, kawai dai mun ɗan leƙa Shika. Ban yi faɗa ba, na miƙa masa sufana nace ya mayar da madubin, sannan na zaunar da shi ya wanke soso da hannunsa. Ya ga abin da ya fito ya yi shiru.

Shan mai a awon wannan satin 54 a lita. Silo ya ɗan yi sama tunda sanyi ya fara ja baya, na rage shi da kaina, ɗan juyi kaɗan. Cok yanzu ba kullum ba.

Juma'a, 28 Fabrairu. Mita: 2,774

An ga wata, gobe azumi. Na wanke shi da yamma bayan inji ya huce, na toshe bakin salansa da leda kar ruwa ya shiga, na sa wa cen mai, iska 25 da 28. Soso an wanke. Juye na gaba a 3,500, na rubuta da maka a cikin murfin gefe don ko wayar nan ta ɓata. In an je za a sake duba tafet da takalmin birkin baya, don notin ya fara nisa a kan zarensa. Sigina ta dama tana ɗan jinkiri kafin ta kama, ina zargin ƙura ce a makunnin. Notin lamba ɗaya ya faɗi a burji ban san yaushe ba, na ɗaure da waya, gobe in na fita cefanen buɗa-baki zan tsaya in sayi noti biyu da washa.